Maganar solar masallacin unguwa: wai me mutane suke ƙi ne?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum jama'a. Na ga ya fi mu ƙarasa maganar nan a nan tunda taron daren jiya an tashi ba a cimma komai ba, wasu ma ransu a ɓace suka tafi. Kun san shawarar da aka kawo, kowane gida ya bada jaka biyu a sa ma masallaci da islamiyya sola, ampul da fanka da lasifika, kafin azumi ya shigo, don kowa ya ga yadda muka yi tarawihi bara, a ɗauke kuran ana tsakiyar raka'a, liman yana ɗaga murya har ta dushe, tsofaffi suna fifita da hula. To waɗanda suka ce sun yarda ba su kai rabi ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne cikin waɗanda suka ƙi har da masu fanon sola a saman ɗakinsu, da idona na ga wani yana goge nashi da safen nan. Kenan ba sola suke ƙi ba. To me suke ƙi? Don Allah kowa ya faɗi gaskiyarshi, ba faɗa ba ne.

Baban Yara:
Wa alaikumus salam. Ni ina cikin waɗanda suka ƙi kuma ba zan ɓoye ba, fanon da ka gani ana gogewa ma watakila nawa ne. Yaro bari in tuna maka abin da ya faru a layinmu. Wani porje ya zo ya kafa mana fitilun sola guda takwas, ba wanda aka tambaya ina za a sa su, mun wayi gari kawai mun ga ana haƙa rami. Ranar da aka kunna aka yi hoto aka tafi. Wallahi mun ji daɗinsu, 'yan lakwal suna shimfiɗa tabarma ƙarƙashi suna bitar karatu har sha ɗayan dare, mai tsire ya dawo da teburinshi nan. Ba a rufa shekara biyu ba suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, uku aka cire musu batir da dare, muka rasa wa za mu kira don ba a bar mana lambar kowa ba. Je ka duba yanzu, sandunan na nan, awaki ake ɗaurewa a jikinsu. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Nawa na gida ni na saya, ni nake gogewa, in ya lalace na san aljihun da zai gyara. Na masallaci fa? Wa zai hau ya goge? Wa zai sayi batir in ya mutu? Jiya na yi tambayar nan sau biyu aka ce min Allah zai kawo.

Ɗan Birni:
Baba ka yi gaskiya, ba mu ba ka amsa ba jiya, kuma laifinmu ne mu da muka kira taron.

Mai Gyaran Sola:
Baba abin da ka faɗa shi muke gani kullum a wajen aiki. Fano da wuya ya mutu, in mai kyau ne yana shekara ashirin har fiye yana bada wuta, batir ne ke kashe mutane. Batir ɗin ruwa da na jel ba sa son zafi, kuma kun san Damagaram a watan huɗu da na biyar, a kulle shi a ɗan ɗaki mai rufin kwano ba taga, a dinga zuƙe shi har ƙasa kowane dare, ina zai kai? Sai a ce sola ƙarya ce. Na biyu ƙura. Lokacin hunturu in ka bar fano sati biyu ba ka wanke ba kana iya rubuta sunanka a kai da yatsa, wutar da yake badawa ta ragu sosai, mai gida ya kira ni yana faɗa, in hau da bokiti da tsumma in sauko a ce na yi gyara. Na uku jabu, a rubuta wat 300 a bayan fano in ka auna bai kai ba. Litiyom ya fi jurewa amma kuɗinshi da nauyi a farko. Ni shawarata in za a yi, a ware kuɗin batir na gaba tun yau, kar a jira ya mutu a fara bin gidaje.

Ɗan Fada:
Ni fa tawa matsalar daban ce ku yi haƙuri. Mu da muke da matatar mai a bakin ƙofarmu, SORAZ tana nan tun 2011 tana tace ganga dubu 20 a rana, ga uraniyom na Arlit da aka shekara da shekaru ana kwasa ana haska Faransa, ga kwal a Anu Araren, shi ne za a zo a ce mana mu koma rana? Su sun gina ƙasashensu da kwal da fetur sun ƙoshi, yanzu sun ce hayaƙi ya yi yawa talaka ya haƙura. A fadarmu ta shan shayi in ka ce makamashi mai tsabta dariya za a yi maka, ana ganin zancen masu porje ne da ke yawo da manyan motoci.

Mushe Lakwal:
Ɗan Fada na ji ka, kuma rabin maganarka ina tare da kai, hayaƙin da Nijar ke fitarwa bai taka kara ya karya ba in aka gwada da na Amurka ko Sin ko Turai. Amma inda ka ce rana zancen baƙi ce nan ne ban yarda ba. Jami'ar Yamai sunan wa take ɗauke da shi? Abdu Mumuni. Haifaffen Tasawa ne, nan kan hanyarmu ta Maraɗi, a 1929. Masanin kimiyya ne da ya ba hasken rana rayuwarshi, shi ya riƙe ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, daga 1969 har 1985, suna ƙera abin zafafa ruwa da murhun rana a Yamai tun lokacin da yawancin Turawa ba su ɗauki abin da muhimmanci ba. Ya rasu a 1991. Duk shekara in na gaya ma ɗalibaina wannan sai in ga fuskarsu ta canza, yaron da ke kwance kan tebur ya ɗago, don sun ɗauka duk wani abu mai waya daga waje yake zuwa.
Sannan ka tuna watan takwas na 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga watan bakwai ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa takunkumi, Najeriya ta yanke layin da ke kawo mana wuta, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na kuran da ƙasar ke sha daga can yake zuwa, ba a maido ba sai watan uku na 2024. Watannin nan wa ya yi barci da fanka a unguwar nan? Mai gurup, wato janareta, da mai fano. Kuma mai gurup sai ya sayi mai. Rana kam ba wanda zai yi taro a Abuja ya yanke maka ita.

Ɗan Fada:
Mushe wannan na ƙarshen ya shige ni gaskiya. Amma ai fanon ma daga Sin ake kawo shi, ba mu muke ƙerawa ba.

Mushe Lakwal:
Haka ne, kuma wannan abin kunya ne gare mu da muka bar aikin Abdu Mumuni ya kwanta. Amma fano sau ɗaya kake saye, mai kuwa kullum ne.

Hajiyar Sabon Gari:
Ku maza kun cika zancen ƙasa da ƙasa. Ni bari in tambaya, taron jiya mace nawa aka kira? Ko ɗaya. Alhali in kuka bi gidajen nan da ke da fano, da yawa kuɗin mata ne a ciki. Ni da adashe na sayi nawa. Wata maƙwabciyata ce ta fara, ta sa firigo na sola, wani azumi ita kaɗai ke da ƙanƙara a layinmu, tun la'asar yara ke layi a ƙofar gidanta da kula da kwano, ni ma har da ɗiyata a layin. Ban taɓa jin wani bayani a rediyo da ya sa na ce zan saya ba, layin yaran nan ne ya sa. Na shiga ɗakinta na ce Yaya nuna min, ta buɗe firigon na sa hannu na taɓa ƙanƙarar da kaina, ta gaya min nawa ta kashe, wa ya haɗa mata, da kuskuren da ta yi na sayen ƙaramin batir da farko. Da kwasata ta zo ban yi shawara da kowa ba. Yanzu cikin adashenmu mu goma sha biyu, biyar muna da shi, zoɓo da lamurje da ƙanƙara muke yi. Da kun zo wajenmu da maganar islamiyya, tunda 'ya'yanmu ne ke zufa a ciki, da tuni an wuce wajen.

Ladan:
Hajiya Allah ya saka da alheri, wannan gyara ne kuma mun karɓa.

Mushe Lakwal:
Abin da Hajiya ta faɗa fa ba a Damagaram kaɗai ba ne. An yi bincike a Amurka, a jihar Kaliforniya da wata jiha Konetikat, aka ga in gida ɗaya ya sa fano a unguwa, damar na kusa da shi su sa tana ƙaruwa, musamman in ana hango fanon daga titi. Mutanen da ke da intanet da jaridu da komai, amma a ƙarshe rufin maƙwabci suke kallo.
Mu ma ai mun taɓa yin irin wannan da itace. Wanda ya san hanyar Mirya da Magarya da Matamaye a shekarun 1980 bayan fari ya san yadda gonaki suka yi fayau. An yi ta dashen itace na porje yana mutuwa. Abin da ya kama shi ne sassabin zamani, manomi ya bar tohon gawo da ke fitowa da kanshi a gona, ya rage rassa ya kyale mai ƙarfi ya tashi. Wani ya ga geron maƙwabcinshi ƙarƙashin gawo ya fi nashi kyau sai ya kwaikwaya. Kuma abin ya yi ƙarfi ne da manoma suka tabbata itacen nasu ne, ba na ma'aikatan gandun daji da za su ci su tara ba. Yanzu ana maganar kusan hekta miliyan 5 da itace wajen miliyan 200 tsakanin Maraɗi da Damagaram, har daga wasu ƙasashe ake zuwa gani.

Ɗanku Na Jamus:
Sallama iyayena da yayyena, ina bin ku daga nesa, nan sanyi ne ba zufa ba. Ina son in ƙara kan maganar Baba don abin da ya faɗa shi ne ainihin abin da na gani a nan. Kafin in zo na ɗauka Jamusawa duk son muhalli ne ya sa suka cika rufinsu da fano. Akwai wannan, ba ƙarya, tun bayan hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan a 2011 suka yanke barin nukiliya, tashoshi uku na ƙarshe an rufe su a watan huɗu na 2023. Amma abin da ya cika rufin shi ne dokar shekarar 2000, wadda ta ce in ka samar da wuta daga rana ko iska dole a saye ta a hannunka kan farashi tsayayye har shekara 20. Sai manomi ya ga rufin rumbunshi ya zama gona ta biyu. Mutanen ƙauye suka dinga haɗa kuɗi suna kafa ƙungiyoyin haɗin gwiwa, ɗaruruwansu, kamar adashen su Hajiya amma da takarda.
To ga abin mamakin. Jihar Bavariya da ke kudu, masu riƙon al'ada ne sosai, suna cikin waɗanda suka fi kowa fano a rufi, amma su ne a 2014 suka yi dokar da ta ce injin iska sai ya yi nisa da gidaje ninki goma na tsawonshi, abin da ya kusa tsayar da kafa su gaba ɗaya a jihar. Mutum ɗaya, yana son fanon da ke kan rufinshi, yana ƙin injin da wani kamfani zai kafa mishi a bayan gari. Baba da fanonshi da fitilun layi kenan.
Danmak da ke maƙwabtaka da Jamus sun gane wannan da wuri, can tun farko manoma da ƙungiyoyin gari ne suka mallaki injinan iska da yawa, har a 2008 suka yi doka cewa mai kafa sabon inji ya yi ma mutanen wurin tayin aƙalla kashi 20 cikin 100 na hannun jari. Injin da kake da rabo a ciki ƙararshi ba ta hana ka barci. Ingila kuwa daga 2015 sun ɗaure kafa injinan iska a kan tudu saboda ƙorafin mazauna karkara, sai 2024 aka saki.

Baban Yara:
Ɗana Allah ya yi maka albarka, ashe har a Turai akwai masu irin kaina. Ka gaida mutanen gidan da kake.

Ɗan Fada:
To ai ka ga su ma kuɗi ne ba wani son duniya ba.

Ɗanku Na Jamus:
Yaya kuɗi na ciki amma ba shi kaɗai ba, akwai wa ya faɗa maka da kuma ko an daraja ka. Dubi Tekzas a Amurka, jihar man fetur ce, masu zaɓe da yawa a can ba sa son jin zancen sauyin yanayi, amma ita ce ta fi kowace jiha samar da wuta daga iska, don masu gonaki da makiyayan shanu ana biyansu hayar fili, shanunsu na kiwo a gindin injin. Da ka je musu da wa'azin muhalli da korarka za su yi. Faransa kuma a ƙarshen 2018 gwamnati ta yi shirin sake ƙara harajin mai da sunan kare muhalli, mutanen karkara da ba su da abin hawa sai motarsu suka fito da rigunan nan masu ruwan ɗorawa suka tare hanyoyi har aka janye ƙarin. Ba wai suna son hayaƙi ba ne, sun ga an ɗora musu kaya ne ba a tambaye su ba.

Ɗan Tanut:
Ku bar ni in sa baki a madadin mutanenmu na daji tunda ba su cikin wannan zauren. Fano a rufi ba ya cin filin kowa. Amma manyan tashoshi fa? Ta Gorou Banda kusa da Yamai megawat 30 ce, fano sama da dubu 55, ta fara aiki a 2023, ta Malbaza megawat 7 tun 2018. Abu ne mai kyau ina murna da su. Sai dai in aka zo yin irinsu a jiharmu, kuma za a zo, filin da za a duba a ce ba na kowa ba ne shi ne makiyaya da burtali. A takarda fili ne fayau, a ƙasa kuwa nan garke ke bi duk shekara in za a hau arewa da damina. An yi haka a Kenya, tashar iska ta tafkin Turkana mai inji 365, makiyayan wurin suka kai ƙara kan yadda aka bada filin, kotu ta ce ba a bi ƙa'ida ba a 2021. A shekarar dai kotun ƙolin Norwe ta ce injinan da aka kafa a yankin Fosen sun tauye haƙƙin 'yan ƙabilar Sami masu kiwon barewar ƙanƙara. Makiyayi ya fi kowa son sola, ku duba ƙaramin fanon da ake ɗaurewa a bayan jaki ko raƙumi ana cajin tarho a hanya, da rijiyoyin da aka sa ma famfon rana. Amma ka katange mishi hanya da waya ka ce don amfanin ƙasa ne, ka sayi maƙiyi har jikoki.

Mai Lambu Matamaye:
Ni ban san Norwe ba amma na san motoponpu. Da man Najeriya muke ban ruwa, na bakin hanya cikin kwalba, mai araha. Da Tinubu ya hau a ƙarshen watan biyar na 2023 ya cire tallafin mai, kuɗin ya tashi, rake da albasa da tumatir suna son ruwa ba ruwansu da siyasa. Wani dattijo a fadamarmu da ake girmamawa shi ya fara sa famfon sola, ba batir ko ɗaya, rana ta fito ruwa ya zubo, rana ta faɗi ya tsaya. Da wani yaro ne ya fara da an ce rawar kai ce, amma da aka ga wane ne ya sa, shekara ba ta zagayo ba fanuka suka yi layi a bakin fadama. Abin da ke damuna yanzu shi ne tunda ba a sayen mai, wasu sai su bar famfo yana zuba tun safe har yamma ko lambun ya ƙoshi, kuma ruwan ƙasa na kowa ne. Da tsadar mai ce ke tsawata mana, yanzu ba mai tsawatawa. Wannan sai mai gari da mu kanmu mun zauna.

Mai Gyaran Sola:
Kawu wannan gaskiya ne, ina gani. Kuma ga masu cewa me ya sa ba za mu haƙa foraj mu sa mishi sola a unguwa ba maimakon masallaci, ku tuna garin nan kan dutse yake zaune, shi ya sa ruwan famfonmu daga nesa ake jawo shi, 'yan garuwa ba su taɓa rasa aiki ba. Sola ba ta ƙirƙiro ruwa inda babu.

Ladan:
Jama'a ni abin da zan ce kaɗan ne. Wasu sun zo min a gefe suna tambaya ko ya halatta a sa kuɗin masallaci a irin wannan, na kai ma liman, ya ce duk abin da zai sauƙaƙa ma masu sallah da masu karatu sadaka ce mai gudana, kuma addini ya hana almubazzaranci ko da ruwan alwala ne. Na kuma ji cewa a Maroko tun 2016 gwamnati ta ɗauki shirin sa ma ɗaruruwan masallatai sola da ampul marasa cin wuta, har aka horar da limamai da malamai mata su yi ma jama'a bayani. Sun san in mutum ya ga abu a saman masallacin da yake sallah sau biyar a rana, ya daina zama baƙon abu. Amma ni ma ina da tsoro irin na Baba, don in ya lalace ni za a fara kallo tunda ni ke buɗe ƙofa da asuba. Kar a bar min shi ni kaɗai.

Ɗiyar Zango:
Ina wuni iyaye. Ni ɗaliba ce a jami'ar nan ta André Salifou, ina son in ce wani abu kan masu cewa ba su da jaka biyu a dunƙule, don akwai su kuma kunya ce ta hana su faɗa a taro, sai suka fake da cewa ba su yarda ba. Mahaifiyata na cikinsu. A Kenya abin da ya sa sola ta shiga gidajen talakawa shi ne biya kaɗan kaɗan ta tarho, kamfanin M-KOPA ya fara haka wajen 2012, kana biyan abin da da za ka kashe a kananzir har kayan su zama naka. Bangladesh ma da bashi kaɗan kaɗan suka sa ma gidaje sama da miliyan 4. Me zai hana a ce mai iya dala ashirin duk Juma'a ya bada, a rubuta sunanshi daidai da na mai jaka biyu? In aka karanta sunaye a masallaci aka tsallake gidan mutum, kun san ba zai ƙara son ganin fanon nan ba.

Hajiyar Sabon Gari:
Ɗiyata kin faɗi abin da ke bakina. Kuma kar a karanta ko nawa kowa ya bada, a ce gidan wane ya sa hannu kawai.

Ɗan Fada:
To ni dai har yanzu ina nan kan bakana cewa ƙasa mai mai da uraniyom bai kamata tana tara jaka bibbiyu don ta kunna fanka ba, kuma ba zan daina faɗa ba. Amma Mushe ya tuna min watannin duhun nan, ƙanwata ta haihu a lokacin da fitilar tarho aka riƙa ma ungozoma. In dai za a yi, mu 'yan fada mun ɗauki wankin fano, muna zaune a ƙofar masallacin ne dama har tsakar dare muna shayi, ɓarawon batir sai dai ya bi ta kanmu. Sharaɗina ɗaya, a sa mana ampul ɗaya a waje da wurin cajin tarho.

Mushe Lakwal:
Ampul na waje ai 'yan makaranta ma za su amfana. Amma cajin tarho a tambayi mai gyara kar a kashe batir.

Mai Gyaran Sola:
Tarho ba ya cin komai, in da rana ne ma ku yi ta yi. Abin da ban yarda ba shi ne a jona hita ta ruwan shayi ko dutsen guga, ranar da na ga haka zan cire wayar da hannuna. Kuma batir ba zai zauna a ɗakin ajiyar tabarmi ba, sai an buɗe mishi taga ta arewa. Zan rubuto lissafi iri biyu, da jel da litiyom, kowa ya gani, kuma ku kai ma wani mai gyaran ya duba kar a ce don ni zan yi aikin na faɗa.

Baban Yara:
To yanzu an fara magana. Ni ga abin da nake so in gani kafin in sa hannu a aljihu. A samu mutum uku masu riƙon kuɗi, ɗaya cikinsu mace, Hajiya ko wadda mata suka zaɓa. Kuɗin batir na gaba a fara tara shi daga watan da aka kunna, ko dala goma goma ne, kuma a dinga faɗin abin da ke cikin asusun duk ƙarshen wata bayan sallar isha'i. Makullin ɗakin batir guda biyu, ɗaya wajen Ladan ɗaya wajen wani. Sannan a je a gaida mai unguwa a gaya mishi tun kafin a sayi ko ƙusa, kar ya ji a bakin mutane. In an yi haka zan bada na gidana in ƙara da na gidan marigayi ƙanena.

Ɗan Birni:
Alhamdu lillahi. Baba duk mun ɗauka. To a sake zama ranar Juma'a bayan la'asar, a filin islamiyya ba cikin masallaci ba don mata su samu zuwa. Mai gyara ka zo da takardun biyu. Hajiya don Allah ki sanar da 'yan adashe da matan layin baya.

Hajiyar Sabon Gari:
Juma'a da la'asar muna da suna a gidan maƙwabta, rabin matan suna can. Ku maida shi Asabar.

Ɗan Birni:
Asabar bayan la'asar kenan. Saura makulli na biyu, wa zai riƙe?

Ladan:
Ni dai Baba nake so ya riƙe, shi da ya fi kowa tambaya.

Baban Yara:
Zan riƙe, amma tsani ba zan hau ba, gwiwa ta ƙi. Ɗan Fada ka turo min yaran da za su dinga wankin in gan su da idona kafin Asabar.